Motar Kwandon da Ta Karya Yaya

Yaya ne ya samo min aikin. Bayan na gama koyon kwamfuta a Kano na dawo Gaya, na yi kusan shekara ina zaune a gida ina taya Inna murza ƙuli-ƙuli. Wata rana ya shigo da takalmin aikinsa duk laka, ya ce in shirya gobe, Manajansu yana neman wadda za ta riƙa buga masa takardu. Kamfanin ƙarami ne, na wani ɗan kwangila da ke zaune a birni. Aikinsu kafa falwaya, jan waya, da ɗaura fitilun sola a garuruwa. Filin da suke ajiye kaya yana bayan gari, ofishin kuma ɗaki biyu ne, ɗaya na Manaja, ɗaya nawa ni da injin fotokwafi.

Abin da kamfanin yake taƙama da shi wata mota ce. Fara ce babba, da dogon hannu na ƙarfe a bayanta, a ƙarshen hannun akwai kwandon da mutum yake tsayawa a ciki. Wani mai ne inji yake turawa ta cikin tiyo da ƙarfi, shi ke miƙar da hannun sama, shi ne kuma yake riƙe shi a can har a gama aiki. Ma'aikata suna ce mata mai kwando. Idan ta shiga ƙauye, har mata leƙenta suke yi ta kan danga. Yaya ne mai hawanta. Ya girme ni da shekara goma sha biyu, shi ya riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu, shi ke noma gonarmu ta gado da ke Balan, kuma har na zama cikakkiyar mace bai daina ce min Auta ba.

Manaja ɗan gajere ne mai tsafta, kullum cikin farar shadda da turare. Ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Ƙanin matar mai kamfanin ne, kowa ya san da haka, shi ya sa ba ya bukatar ɗaga muryar.

Wata safiya, ana tsaka da aikin fitilun Toranke, aka kawo takarda daga kamfanin da ya sayar mana da motar. Na buɗe, na buga mata hatimi. Turancin ciki na injiniyoyi ne, ban tsaya karantawa ba. Abin da kawai idona ya riƙe shi ne jan layi da ya kewaye ta, da zanen hannun motar, da wata kibiya da ke nuna gwiwarsa. Na kai wa Manaja. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa, sannan ya ɗauki jan bironsa ya yi rubutu a gefe, ya ce in yi masa kwafe ɗaya. Injinmu tsoho ne, kwafen farko ya fito da baƙin zane a tsakiya. Na jefa shi cikin kwalin takardun da suka lalace, waɗanda nake kai wa Inna tana ƙunshe ƙuli-ƙuli da su, na sake yin wani na miƙa masa. Shi ke nan abin da na yi da takardar da take ɗauke da rayuwar ɗan uwana. Na riƙe ta a hannuna har sau biyu ban karanta ba.

Sati uku bayan haka motar ta saki Yaya.

Ban ga abin da idona ba. Direban motar, wani dattijo da Yaya yake kira Baba, shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce bayan azahar ne, Yaya yana can sama yana ɗaure fitila a kan falwayar da ke bakin kasuwar Toranke. Ba wanda ya taɓa komai. Sai kawai suka ji wani huci kamar na kwanon suya da aka zuba wa ruwa, hannun ya sunkuyo, ya ɗan tsaya, sannan ya zubo gaba ɗaya. Kwandon ya daki gefen motar kafin ya kai ƙasa. Da yake Yaya ya ɗaure kansa da bel kamar yadda ya saba, bai fita daga ciki ba, tare suka sauka. Ƙugunsa ya karye, ƙashin bayansa ya tsage daga ƙasa.

An wuce da shi asibiti a Kano. Na kwana huɗu a can tare da Inna da matarsa, rana ta biyar Yaya ya buɗe ido ya ce, "Auta, me kike yi a nan? Koma bakin aikinki."

Na koma. Ranar da na koma Manaja ya kira ni, ya yi min jaje da murya mai taushi, har ya ce Yaya kamar ɗan uwa yake a wurinsa. Sannan ya ce in ɗauko kujera in zauna gaban kwamfuta, akwai rahoton da mai kamfani yake jira. Ya tsaya a bayana yana faɗa ina bugawa. Ya ce ma'aikacin ya loda wa kwandon kaya fiye da ƙima, batir biyu da faifan sola, alhali an sha gargaɗinsa. Ya ce direba ya shaida haka. Ya ce saboda wannan sakaci kamfani ya dakatar da shi.

Yatsuna suka tsaya. Na ce, "Yallaɓai, Yaya ba ya hawa da batir. Da igiya ake miƙa masa."

Ya ce, "Malama, kina wurin?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To buga abin da waɗanda ke wurin suka faɗa."

Na buga. Da hannuna na buga cewa yayana ne ya karya kansa. Ina cikin bugawar ne zanen nan mai kibiya ya faɗo min a rai. Da Manaja ya fita salla na buɗe fayil ɗin motar, na duba takarda bayan takarda. Babu ita, babu kwafenta.

Da na tashi ban bi ta ko'ina ba sai gida. Inna tana asibiti, na shiga ɗakinta na zazzage buhun da take tara takardun ƙunshi. Babu. Na je gidan maƙwabciyarmu mai ƙosai da Inna takan ɗiba wa, ta fito min da nata tana kallona kamar na taɓu. Babu. Na haƙura cewa wani ya riga ya ci ƙuli a cikinta ya yar. Sai bayan kwana biyu, ina juye ragowar ƙulin da ke cikin babbar kwalla don kada ya lalace, na ga takardun da Inna ta shimfiɗa a ƙasanta. Ta uku ita ce. Mai ya jiƙa ta har ana ganin hasken rana ta cikinta, amma rubutun yana nan.

Na zauna a tsakar gida na karanta ta kalma bayan kalma, wadda ban gane ba in duba a waya. Masu ƙera motar ne suka gano cewa wani ƙaramin ƙarfe da ke gwiwar hannun, wanda ake ce wa bawul, shi ne mai tare man kada ya koma baya, yana iya saki ba tare da wata alama ba. Idan ya saki, hannun zai faɗo da duk wanda ke ciki. Suka ce a daina amfani da motar nan take, a kira su, za su turo makanikai su canza shi kyauta. A gefe, da jan biro wanda ya fito baƙi a kwafen, ga rubutun Manaja da sa hannunsa: a ajiye sai an gama aikin Toranke.

Ban yi kuka ba. Na tuna na tashi na wanke kwallar tas, na kife ta, na share tsakar gida, duk da na riga na share da safe.

An sallamo Yaya bayan wata biyu. Ya dawo a kwance, daga baya ya koma keken guragu, sai da aka daɗe sannan ya fara tsayuwa da sanduna biyu. Na jira har ranar da na ga ya ci abinci da kyau, na shiga na nuna masa takardar, na fassara masa. Ya kalli rufin ɗaki. Can ya ce, "Wa ya san kina da ita?"

Na ce babu kowa.

Ya ce, "To bar ta haka. Wa za ki kai wa? Mai kamfani? Surukinsa ne. Su kore ki, mu zama mu biyu a zaune? Na bar shi da Allah."

Na ce, "Yaya, ƙarya fa ya yi maka."

Ya ce, "Na sani, Auta. Ai ni ne a cikin kwandon."

Na fita da takardata. Na nannaɗe ta a leda na sa a ƙasan akwatina. Shi ya bar wa Allah, ni ban bari ba, kuma ban yi masa alkawarin zan bari ba.

Daminar nan ƙanin Inna ne ya nome mana gonar Balan, rabi kawai ya iya. Ranar da aka kawo gero a amalanke, Yaya ya sa aka tura shi ƙofar gida, ya ɗauki zangarniya ɗaya yana jujjuyawa, ya ce an makara wajen noman maimai. Ni kuwa kullum da safe sai in shiga ofis in ce, "Yallaɓai, ina kwana," shi kuma ya ce, "Ya mai jiki?" in ce da sauƙi. Na koyi yin murmushi da baki kawai. Ina kallon ƙeyarsa idan ya juya, ina kallon yadda yake tattare rigarsa kada ta taɓa ƙura. Na sha raya masa abubuwa a zuciyata waɗanda ba zan rubuta su a nan ba. Na so ya ji abin da Yaya ya ji a cikin ɗan lokacin nan da hannun ya sunkuyo ya tsaya kafin ya zubo.

Motar kuwa ba a kira masu ƙera ta ba, don kiran zai tona zancen. Makanikan bakin hanya aka kawo, suka yi wa kwandon walda, suka canza tiyo, suka fesa fenti. Aka ɗauko sabon mai hawa daga Ajingi, magidanci mai 'ya'ya. Wannan ya hana ni sukuni, don haka wata rana da Manaja ya tafi birni na sami Baba direba a ƙarƙashin darbejiya yana wanke fitilar mota. Na ce, "Baba, kai ka ce Yaya ya loda batir?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Takarda aka kawo min na dangwala."

Na gaya masa abin da ke cikin wadda na samu. Ya ajiye tsumman, ya zauna a kan taya. Ya ce, "'Yata, tun ranar nan ban ƙara ɗaga mutum da ita ba. Idan mun bar gari tsani muke kafawa. Motar don a gani kawai muke zuwa da ita." Ya ce da daddare ba ya iya barci sosai, sai na katse shi, don ba tausayinsa na zo ji ba. Amma na yarda da shi, na kuma ji daɗin cewa zan iya ci gaba da jira ba tare da jinin wani ya hau kaina ba.

Damar ta zo bayan kaka. Wata ƙungiya ce ta ba kamfaninmu aikin fitilun Gafasa, da aka gama suka ce za a yi bikin buɗewa, za su turo injiniyarsu daga birni. Manaja ya ba ni aikin buga jadawalin taron: addu'a, jawabin maraba, jawabin dagaci, jawabin baƙuwa, yanke ƙyalle a gindin falwayar farko, addu'ar rufewa. Na buga duka. Da na zo kan yanke ƙyalle sai na tsaya ina kallon layin. Na goge shi, na rubuta: Manajan kamfani zai hau motar kwando ya yaye ƙyallen da ke kan fitilar farko.

Na kai masa tare da wasu takardu guda shida, na sa ta a tsakiya. Yana waya ya sa hannu a kan duka.

Na ba Baba direba kwafe ɗaya na karanta masa layin. Ya daɗe yana kallona. Ranar taron da muka isa Gafasa na ga koren ƙyalle ɗaure a can ƙololuwar falwaya, ba a gindinta ba.

Ba zan yi wa kaina ado ba. Lissafina shi ne ɗaya daga cikin biyu: ko ya ƙi hawa a gaban mutane a tambaye shi dalili, ko ya hau. Idan na ce ban so ya hau ba na yi ƙarya.

An fara taro bayan la'asar. An kafa rumfuna biyu, an jera kujerun roba, dattawa a gaba, mata a can gefe bayan igiya. Baba ya ajiye motar dab da falwayar, ya sauke ƙafafunta na ƙarfe, ya saukar da kwandon ƙasa. Ni ina tsaye bayan rumfa wurin lemo da ruwa, jakata a hammata, takardar tana ciki. Injiniyar mace ce doguwa, ta girme ni kaɗan, da atamfa da takalmin aiki, hular kwano a kan cinyarta. Aka yi jawabai. Dagaci ya gode, ya ce yanzu mata za su iya zuwa famfo bayan magariba. Sai mai sanarwa ya duba takardarsa, ya ɗaga murya ya karanta layina, har ya ƙara masa gishiri, ya ce yau Manaja da kansa zai tashi sama. Makaɗa suka ɗauka, jama'a suka yi tafi.

Daga inda nake ina ganin gefen fuskar Manaja. Ya juya ya dubi gindin falwayar, babu ƙyalle. Ya ɗaga kai ya gan shi a sama. Ya miƙe yana dariya, ya karɓi lasifika ya ce ai kuskure ne aka yi wajen bugawa, shi da wannan babbar riga ina zai iya, ga ciwon gwiwa. Wani daga cikin taro ya ce, "A cire rigar mana!" Aka kwashe da dariya. Mai sanarwa ya ce ai ga sa hannunsa nan a jiki. Gumi ya fara tsattsafo masa a wuya. Ya waiwayo yana nemana da ido, na tsaya na bar shi ya same ni, ban kawar da kai ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne Injiniya. Ta miƙe tana murmushi ta ce, "A bar Yallaɓai da gwiwarsa, ni zan hau. Na saba." Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta kifa hular kwano, ta nufi motar. Mata suka rangaɗa guɗa. Baba direba ya ja da baya daga wurin da ake sarrafa hannun, yana kallona, bakinsa a buɗe. Ta riƙe bakin kwandon ta sa ƙafa ɗaya a ciki.

Ni ya kamata in yi magana a lokacin. Takardar tana jikina. Amma ƙafata ta ƙi ɗaguwa, wani sashe na zuciyata yana cewa in ƙara jira kaɗan in ga me zai yi. Har yau idan na tuna wannan jiran sai na ji kunyar kaina.

Shi ya riga ni. Ya yar da lasifikar ya ruga, rigarsa tana jan ƙasa, yana cewa, "Kada ki shiga! Hajiya, don Allah kada ki shiga!"

Kiɗa ya tsaya. Ta fito da ƙafarta ta ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Ba ta da... akwai ɗan gyaran da ba a ƙarasa ba."

Ta ce, "Wane gyara? Ba da ita kuka yi mana aikin nan duka ba? Haka rahotonku ya nuna."

Lokacin ne ƙafata ta sake ni. Na ratsa ta gaban dattawa ba tare da na cire takalmi ba, na buɗe jaka, na warware ledar, na miƙa mata. Na ce, "Ranki ya daɗe, wannan gyaran yake nufi. Ni ce mai buga takardun kamfani. Wanda motar nan ta karya a Toranke yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Manaja ya ce, "Malama," a hankali, kamar mai roƙo. Ban kalle shi ba.

Ta riƙe takardar da yatsu biyu saboda maiƙo, ta karanta har ƙasa, ta juya ta ta karanta rubutun gefe. Ta nuna masa ta ce, "Sa hannunka ne wannan?" Ta tambayi Baba direba ko an canza bawul ɗin, ya ce tiyo kawai aka canza. Ta sake tambayarsa ko akwai batir a kwandon ranar Toranke. Ya dubi Manaja, ya dubi ƙasa, ya ce, "Babu. Shi kaɗai ne da sifana a hannunsa."

Injiniya ba ta yi faɗa ba. Ta roƙi dagaci a ara mata buhun dawa biyu. Aka ɗauko daga wani gida aka loda a kwandon. Ta sa aka matsar da mutane nesa, ta ce Baba ya ɗaga hannun har tsayin fitilar, ya kashe injin. Aka kashe. Gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan awaki. Da farko kamar babu abin da ke faruwa. Can sai wata tsohuwa a bayan igiya ta ce, "Yana saukowa." Yana saukowa ɗin ne kuwa. Kwandon da yake daidai da koren ƙyallen ya dawo ƙasa da shi da taƙi ɗaya, sannan da kamu ɗaya, a hankali, ba ƙara ba komai. Da ya zo rabi ya yi wata girgiza ya zubo da sauri, ya tsaya cak kafin ya kai ƙasa. Buhu ɗaya ya wuntsulo waje ya fashe, dawa ta warwatsu a filin. Jama'a suka ɗauki salati.

Na dubi Manaja. Yana tsaye shi kaɗai, duk waɗanda ke kusa da shi sun ja baya. Na kalle shi sosai, na kalle shi har na ƙoshi, kuma na ji daɗi. Daɗin ya sauka min har tafin ƙafa. Ba a yi addu'ar rufewa a lasifika ba ranar, kowa ya watse yana mayar da zance.

Ƙungiyar ta janye sauran aikin da ta yi niyyar ba kamfanin. Mai kamfani ya zo Gaya da kansa, ya sallami Manaja, ni ma ya sallame ni a rana ɗaya, ya ce ba zai riƙe mai fitar da takardun ofis ba. Ban yi gardama ba. An janye rahoton da na buga a kan Yaya, aka rubuta wani, kamfani ya ɗauki ɗawainiyar sauran maganinsa saboda Injiniya ta tsaya a kan haka. Masu ƙera motar suka turo makanikai biyu. Baba ya ce min aikin bai ci musu wuni ɗaya ba, ƙarfen da suka cire kuma bai kai dunƙulen hannu ba.

Na ɗauka Yaya zai yi murna. Da labari ya iso shi ya sa aka kira ni. Yana zaune a kan tabarma ya jingina da bango, sandunansa a gefe. Ya ce, "Ke kika sa a takarda ya hau?"

Na ce ni ce.

Ya ce, "Da ya hau fa?"

Na ce, "Da ya ji abin da ka ji."

Ya ce, "Da matar nan ta hau fa?"

Ya ce in tashi in ba shi wuri. Ya yi kusan wata biyu ba ya ce min komai sai amsa gaisuwa. Inna ce ta riƙa shiga tsakani, tana ce min, "Ki bi yayanki a hankali, tsoro ne ya kama shi, ba ƙi ba." Ranar da ya huce bai yi wani bayani ba, kawai ya ce in zo in yanke masa farcen ƙafa, don har yanzu ba ya iya sunkuyawa.

Bayan ƙaramar salla Manaja ya zo gidanmu tare da limamin unguwarmu. Manajan ya rame. Aka yi musu shimfiɗa a zaure, aka fito da Yaya. Ina ɗaki ina jin komai ta taga. Manaja ya ce ya yi zaton motar za ta kai ƙarshen aikin, sati uku kawai ya nema, bai taɓa tunanin abin zai kai haka ba. Zancen rahoton kuwa, ya ce tsoro ne. Ya yi kuka. Yaya ya ce ya yafe masa duniya da lahira, ya kuma ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Liman ya yi addu'a.

Sai na ji Manaja ya ce yana so ya roƙi Malama ita ma. Inna ta leƙo ta ce in fito. Na ce ba zan fito ba. Ta ce, "Auta, liman ne fa a zaure." Na ce ya yi haƙuri. Sai Manaja ya matso bakin ƙofar tsakar gida ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Malama, na sa ki buga ƙarya a kan ɗan uwanki. Ki yafe ni."

Na ce, "Na ji."

Ya tsaya yana jiran sauran maganar. Babu saura. Ya daɗe a wurin, sannan na ji takunsa ya koma.

Yanzu ina da ɗan shagona na buga takardu kusa da tasha. Shi kuma ya buɗe na sayar da kayan wuta a kan layin da nake bi, kwan fitila da soket da waya. Kullum idan na zo wucewa sai ya miƙe ya gaishe ni, in amsa masa da kalma ɗaya in wuce. Liman ya yi min nasiha sau biyu, na saurara da ladabi, na san kuma gaskiya ya faɗa. Wataƙila wata rana. Makon jiya kwan fitilar shagona ya mutu, na rufe ƙofa na hau babur har cikin kasuwa na sayo a wurin wani.